An Haƙa Rijiya, To Tana Ba da Ruwa? Darasi a Kan Shugabancin Ƙungiya da Bin Diddigin Aikinta

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa samari, a yau da wuya ka shiga unguwa ba ka tarar da ƙungiyar taimakon al'umma ba. Wasu suna tara kuɗi domin marayu, wasu suna riƙe da makarantar dare, wasu suna kai marasa lafiya asibiti, wasu kuwa sun ɗauki haƙa rijiyar burtsatse. Wannan alheri ne, Allah ya ƙara. Amma fa akwai wata tambaya wadda ba mu cika son a yi mana ita ba, watau: wannan aiki da muka yi, ya kawo amfanin da muka ce zai kawo? Mun iya taron buɗewa, mun iya ɗaukar hoto a gaban sabon tanki mu sa a Facebook, amma bayan wata shida wa ya koma ya murɗa kan famfon ya ga ko ruwa yana zuwa?

Abin da ya sa wannan tambaya take da nauyi shi ne, kuɗin da ke hannun ƙungiya ba na shugaba ba ne, ba kuma na kwamiti ba. Na ɗan kasuwar da ya yarda da ku ne, da tsohuwar da ta kwance bakin zanenta ta ba ku abin da ba ta da kamarsa. Ɗan kasuwa idan ya yi kuskure a shagonsa, hasara za ta gaya masa kafin ƙarshen wata. Ita kuwa ƙungiyar taimako tana iya shekara goma tana ɓarnar dukiya ba ta sani ba, domin wanda ya ba da kuɗin ba shi ke shan ruwan ba, wanda yake shan ruwan kuma ba shi da bakin magana, tun da kyauta aka yi masa. Saboda haka idan shugabanni ba su tilasta wa kansu bincike ba, babu mai tilasta musu. Wannan shi ne darasinmu na yau, kuma za mu fara shi da wani labari na gaskiya.

Labarin famfon lilo

A shekarar 1989, a wani bikin nunin kayan gona a Pretoria ta ƙasar Afirka ta Kudu, wani mai haƙa rijiyoyi da ake kira Ronnie Stuiver ya nuna wata dabara da ya ƙaga. Ya ɗauki lilon nan mai kewayawa, wanda yara ke turawa sa'an nan su ɗare kai, ya haɗa shi da famfo. Idan yara suna wasa suna juya lilon, sai famfon ya riƙa jawo ruwa daga ƙarƙashin ƙasa yana zubawa a tanki mai cin lita 2,500 da aka ɗora a sama. Wani ma'aikacin talla mai suna Trevor Field ya gani, abin ya ba shi sha'awa, ya karɓi izinin yaɗa shi. Ya ƙara da tasa dabarar, watau a kafa allunan talla a jikin tankin, kuɗin da kamfanoni za su biya na talla shi za a riƙa gyaran famfon da shi. Aka sa wa abin suna PlayPump.

To, wa zai ji wannan bai yaba ba? Yara suna wasa, mata sun huta da tuƙa famfo, kuɗin gyara kuma yana zuwa da kansa. A shekarar 2000 Bankin Duniya ya ba abin lambar yabo. A 2006 uwargidan shugaban Amurka na lokacin, Laura Bush, ta yi shelar gudummawar dala miliyan 16.4 daga gwamnatin Amurka da wasu gidauniyoyi, babba a cikinsu ita ce Gidauniyar Case. Aka ɗauki alkawari cewa kafin ƙarshen 2010 za a kafa famfo 4,000 domin mutum miliyan 10 su sami ruwan sha. Aka shiga kafawa a Afirka ta Kudu, da Mozambik, da Zambiya, da Malawi da wasu ƙasashe, har suka haura dubu. Kowane guda kuwa yana cin wajen dala 14,000.

Sai aka fara aika masu bincike su je ƙauyukan su gani da ido. Hukumar UNICEF ta yi nata binciken a 2007, wata cibiya ta ƙasar Suwizalan da ake kira SKAT ta yi nata a Mozambik a 2008. Abin da suka tarar ya sha bamban da abin da ke cikin hotuna. Lilon wasa na gaske idan ka tura shi sau ɗaya sai ya yi ta juyawa, wannan kuwa ƙarfin turawar yana tafiya wajen jawo ruwa, don haka da ka saki sai ya tsaya. Yara su ɗan taɓa su gaji su watse. Kuma lokacin da aka fi bukatar ruwa, da sassafe da yamma, ba lalle ne a sami yara a wurin ba. Ƙarshenta mata, har da tsofaffi, su ne suka koma suna tura lilon yara da hannu suna kewayawa, ga wahala ga kunya. A wurare da dama an cire famfon tuƙa-tuƙa da mutane suka saba da shi aka kafa wannan ba tare da an shawarce su ba. Na da ɗin idan ya lalace makanikin gari yana iya gyarawa, wannan kuwa sai an jira kamfani, wani lokaci watanni. Allunan tallan ma da yawa suka zauna babu komai a jiki, domin wane kamfani ne zai biya kuɗi ya yi talla a ƙauyen da babu masu saye? Ƙungiyar WaterAid kuma ta bayyana cewa kuɗin famfon lilo guda ɗaya zai iya samar da rijiya huɗu masu famfon hannu.

Lissafin da ba a yi ba

Ya ɗan'uwa, ɗauki biro da takarda mu yi wani lissafi tare, wanda ɗan firamare ma zai iya. An ce famfo 4,000 za su shayar da mutum miliyan 10. Raba, za ka sami mutum 2,500 ga kowane famfo. Ma'aunin da ƙungiyoyin agaji na duniya suke aiki da shi shi ne, mafi ƙarancin abin da mutum ɗaya yake bukata a rana, na sha da girki da tsabta, lita 15 ne. Mutum 2,500 sau lita 15 ya zama lita 37,500 a kowace rana. Masu famfon da bakinsu suka ce iyakar abin da yake jawowa a sa'a guda lita 1,400 ne. Raba 37,500 da 1,400, za ka ga sai yara sun yi kusan sa'a 27 suna juya lilon ba hutawa a kowace rana. Rana kuwa, dare da wuni, sa'a 24 ce. Jaridar Guardian ta Ingila ta buga wannan lissafi a 2009, shekara uku bayan an yi shelar miliyoyin nan.

Ka gani? Mutanen nan ba jahilai ba ne, akwai masu ilmi da manyan attajirai a cikinsu, kuma babu wanda ya ce sun tashi da niyyar cuta. Abin da ya faru shi ne, labarin ya yi musu daɗi har ba wanda ya so ya ɓata shi da tambaya. Hausawa suka ce, ba girin-girin ba, ta yi mai. An yi girin-girin mai yawa, amma wanda zai duba ko ta yi mai ya zo a makare.

Sai dai adalci ya sa mu faɗi abin da suka yi daidai. A 2010 shugabar Gidauniyar Case, Jean Case, ta fito fili ta rubuta cewa aikin bai kai inda suka yi alkawari ba. Aka rufe ƙungiyar da ke tara kuɗin a Amurka, aka miƙa sauran kayan ga wata ƙungiyar ruwa mai suna Water For People. 'Yar jaridar nan kuma Amy Costello, wadda fim ɗinta na 2005 ya taimaka wajen yaɗa sunan famfon, ita da kanta ta koma Mozambik ta yi wani fim a 2010 tana nuna inda abin ya lalace. Wannan hali na komawa ka ce “na yi kuskure” a gaban waɗanda suka yaba maka jiya, shi ne abin da ya fi wuya a kan shugaba, kuma shi ne muka fi rashi.

Kada wani ya ce ai wannan matsalar Turawa ce da sabuwar dabararsu. Famfon hannu na gargajiya ma haka yake mutuwa idan ba a bi shi ba. Wani ƙiyasi da ƙungiyar masana ruwan karkara ta RWSN ta fitar a 2009 ya nuna wajen kashi 36 cikin 100 na famfunan hannu a ƙasashe 20 na Afirka ba sa aiki. Kai ma ka zaga garinku ka ƙirga rijiyoyin burtsatse nawa ne suke tsaye da allon sunan wanda ya gina, alhali ƙadangaru ne kawai suke amfana da inuwar tankin.

Yadda magabata suka yi

Bin diddigin ma'aikaci ba baƙon abu ba ne a wurinmu, mu ne dai muka sake shi. Ya tabbata a cikin Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya naɗa wani mutum da ake kira Ibnul Lutbiyya ya karɓo zakkar Banu Sulaim. Da ya dawo sai aka zaunar da shi aka yi lissafi da shi. Ya ware wani kashi ya ce na zakka ne, wani kashi kuma ya ce kyauta aka yi masa. Annabi bai bar maganar a ɗaki ba, ya hau mumbari ya nuna wa jama'a cewa kyautar nan saboda muƙamin aka ba shi, domin da yana zaune a gidan iyayensa babu mai kawo masa. Ya kuma yi gargaɗi mai tsanani cewa wanda ya ɗauki wani abu daga irin wannan dukiya zai zo yana ɗauke da shi ranar alƙiyama. A nan mun koyi abu biyu. Na ɗaya, ana yin lissafi da ma'aikaci ko da sahabi ne. Na biyu, “ihisanin” da mai haƙa rijiya ko mai sayar da siminti zai cusa wa shugaban ƙungiya a aljihu bayan an ba shi kwangila, ba halalinsa ba ne, na ƙungiya ne, mafi alheri ma kada ya karɓa.

Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah ya yarda da shi, wanda ya yi halifanci daga shekara ta 13 zuwa ta 23 bayan Hijira, ya kasance idan zai naɗa gwamna sai a rubuta abin da ya mallaka, domin a gane abin da ya ƙaru bayan ya hau. Yana kuma da mai bincike, Muhammadu ɗan Maslama, wanda yake aikawa garuruwa ya dubo masa gwamnoni. Lokacin da mutanen Kufa suka kai ƙarar gwamnansu Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, Umar ya san darajar Sa'adu sarai, yana cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna, amma duk da haka sai ya aika aka bi masallatan Kufa ɗaya bayan ɗaya ana tambayar mutane a kansa. Mutane suka yi ta yabonsa, in ban da mutum ɗaya. Kuma a ƙarshen rayuwarsa Umar ya bayyana cewa bai cire Sa'adu saboda kasawa ko ha'inci ba, har ya sa shi cikin mutum shida da za a zaɓi halifa daga cikinsu. To, idan an binciki Sa'adu bai ragu da komai ba, kai wane ne da za ka yi fushi don an ce ka kawo rasit?

Ku lura kuma da wurin da aka je tambaya. Ba a tsaya ga fadar gwamna ba, talakawan da ake mulka aka je aka tambaya. Da masu famfon lilo sun zauna da matan ƙauye tun kafin su cire musu famfonsu, da sun ji a kyauta abin da suka biya miliyoyi kafin su gane. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Yadda ake auna aiki

Abu na farko da ya kamata kwamiti ya gane shi ne bambanci tsakanin abin da aka kashe, da abin da aka yi, da amfanin da aka samu. Kuɗin da kuka biya mai haƙa, wannan abin da aka kashe ne. Rijiyar da ta tsaya da tankinta, wannan abin da aka yi ne. Amfani kuwa shi ne gida nawa suke ɗiban ruwa a kullum, kuma 'yan matan da suke tafiya nesa ɗiban ruwa da asuba sun daina ko ba su daina ba. Yawancin rahotanninmu suna tsayawa a na ɗaya da na biyu, domin su ne masu sauƙin ƙirgawa kuma su ne masu daɗin faɗi a lasifika. Mun raba buhu kaza, mun yi wa ɗalibi kaza rajista. To, ɗaliban nan nawa ne suke zuwa har yanzu, kuma nawa ne suka iya karanta abin da ba su iya ba bara? Ana kiran rijiya sadaka jariya ne saboda amfaninta yana gudana. Niyyar mai bayarwa tana wurin Allah, Shi ba Ya tozarta ladan kowa, amma ku da aka ba amanar ku sa ta gudana, za a tambaye ku idan sakacinku ne ya tsayar da ita.

Abu na biyu, ku rubuta manufarku da adadi da lokaci tun kafin ku fara. Kada ku ce “za mu taimaka wa marayu” ku yi shiru. Ku ce, alal misali, marayu 20 na unguwar nan za su kasance a makaranta daga farkon shekara zuwa ƙarshenta. Sa'an nan ku rubuta yadda kuka tarar da su a ranar farko, domin wanda bai san inda ya taso ba ba zai san nisan da ya yi ba. Kuma ku yi irin lissafin nan na sa'a 27 a kan alkawarinku kafin ku faɗa wa jama'a. Kuɗin da ke hannu zai kai ƙarshen shekara? Idan injin ya lalace, daga ina kuɗin gyara zai fito, kuma wa zai gyara?

Abu na uku, ku gwada kaɗan kafin ku yi da yawa, kuma ku kwatanta. Ga misali daga ƙasar Indiya. Wata ƙungiyar taimako mai suna Seva Mandir, a yankin Udaipur na jihar Rajasthan, tana da ƙananan makarantu a ƙauyuka masu malami ɗaya ɗaya, kuma malaman suna yawan fashi. A 2003 suka yi shawarar ba malamai kyamara mai buga kwanan wata da lokaci, a ɗauki malami da ɗalibansa hoto a farkon karatu da kuma lokacin tashi, sa'an nan a biya albashi gwargwadon kwanakin da hoto ya tabbatar. Amma ba su yi wa dukkan makarantun a tashi ɗaya ba. Ƙuri'a aka yi, makarantu 57 suka shiga sabon tsari, 56 suka zauna a kan na da, aka riƙa kai ziyarar ba-zata ga duka biyun. Sakamakon da masu binciken, Esther Duflo da abokan aikinta, suka bayar shi ne, fashin malamai ya kasance kashi 42 cikin 100 a makarantun tsohon tsari, kashi 21 a na sabon tsari, kuma karatun yara ya ƙaru. Ba ana cewa ku je ku sayi kyamara ba ne. Abin lura shi ne ƙuri'ar da kwatancin, domin da an zaɓi makarantun malamai masu ƙwazo aka ba su kyamara, da ba wanda zai san ko kyamarar ce ta yi aiki ko ƙwazon. Ku ma idan kuna da aji huɗu a makarantar dare kuma wani ya kawo sabuwar hanyar koyarwa, ku gwada a aji biyu zango guda, ku yi wa duka huɗun jarrabawa iri ɗaya, sa'an nan ku yanke hukunci.

Abu na huɗu, wanda ya yi aiki ba shi zai ba kansa maki ba. Ku sa mutum biyu ko uku waɗanda ba sa cikin kwamitin aikin su riƙa zuwa ba tare da sanarwa ba. Su tambayi masu amfana a bayan idon shugabanni, domin Bahaushe mai kunya ne, ba zai kushe kyauta a gaban wanda ya ba shi ba. A inda masu amfanin mata ne, kamar sha'anin ruwa da na zawarawa masu riƙon marayu, a sami mata amintattu su shiga gidaje su ji daga bakinsu.

Abin da ya hau kan shugaba

Duk wannan ba zai yiwu ba sai shugaba ya so. Idan shugaba yana ɓata rai duk lokacin da aka kawo masa labari maras daɗi, to a hankali mutanensa za su koyi kawo masa mai daɗi kaɗai, shi ke nan ya zama makaho da idonsa biyu. Shugaba nagari shi ne yake fara tambaya a taro, me ya lalace a wannan wata? Kuma wanda ya faɗa ya gode masa a gaban jama'a.

Ta wajen kuɗi, ga ƙa'idoji waɗanda bai kamata a yi sassauci a kansu ba. Kuɗin ƙungiya ya zauna a asusun banki mai sunan ƙungiya, kada a riƙa turawa asusun wani mutum komai amincinsa, domin shi ma mai mutuwa ne, kuma magadansa ba za su san nasa da na marayu ba. Kada kuɗi ya fita sai da sa hannun mutum biyu. Wanda yake ba da izinin kashewa daban, ma'ajin da ke riƙe da kuɗi daban, mai rubuta littafi daban. Kowace naira da ta shigo a ba da rasit, kowace da ta fita a karɓo rasit. Abin da aka bayar domin rijiya kada a juya shi zuwa sayen lasifika sai da yardar mai bayarwa, kuɗin zakka kuwa a ware shi daban, domin yana da masu shi da shari'a ta ƙayyade. Idan za a ba da aiki a nemi farashi daga wurin mutum uku, kuma idan ƙanen shugaba yana cikin masu nema, shugaba ya faɗa da bakinsa ya tashi daga zaman har a gama. A ƙarshen kowane wata a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban 'yan ƙungiya, a ƙarshen shekara kuma a kira mai binciken kuɗi daga waje, a manna sakamakon inda kowa zai gani. A Nijeriya ma dokar kamfanoni ta 2020 ta wajabta wa ƙungiyoyin da suka yi rajista da hukumar CAC su riƙa kai rahotonsu na shekara. Abin kunya ne a ce sai tsoron hukuma zai sa mu yi abin da amana ta riga ta ɗora mana.

Sa'an nan a sa wa'adi ga shugabanci a cikin tsarin mulkin ƙungiya, kuma a cika shi. Ƙungiyoyi da yawa sun mutu ranar da wanda ya kafa su ya yi tafiya ko ya rasu, domin shi ne shugaba, shi ne ma'aji, takardu suna ɗakinsa, lambobin masu taimako suna cikin wayarsa. Wanda yake son aikin ya ɗore, tun yana da ƙarfinsa zai riƙa jawo na ƙasa da shi yana koya musu, yana ba su aiki su yi kuskure a gabansa ya gyara musu.

Amsa ga masu cewa wannan rashin yarda ne

Za ku ji wani ya ce, haba, mu da muke yi don Allah ba a biyanmu ko kwabo, sai kuma a riƙa bin mu da littafi kamar ɓarayi? Amsa ita ce, littafin nan kai yake karewa. Ranar da wani zai tashi a majalisa ya ce ma'aji ya sayi babur da kuɗin marayu, rantsuwa ba za ta rufe bakinsa ba, littafi da rasit su ne za su wanke ka. Mutane nawa ne masu gaskiya mutuncinsu ya zube, ba don sun ci ba, sai don ba su rubuta ba? Kuma aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, alhali waɗanda aka fara yi wa magana da ita su ne mafi amincin al'umma. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Wani kuma zai ce, idan muka faɗi inda muka kasa, masu ba da kuɗi za su gudu. Wataƙila wasu su gudu. Amma wanda ka gaya wa gaskiya yau, ka ce rijiya uku muka haƙa, biyu suna aiki, ɗaya ta ƙafe saboda ba mu auna wurin da kyau ba, ga kuma abin da za mu yi, wannan gobe idan ka ce masa aiki ya yi kyau zai yarda. Wanda ka ɓoye wa kuwa, ranar da ya bi ta wurin ya gani da idonsa, ka rasa shi, kuma ka jawo wa sauran ƙungiyoyi masu gaskiya ya daina ba su.

Aikin da za a yi kafin zama na gaba

Kowace ƙungiya ta rubuta ayyuka uku da ta yi a shekara biyu da suka wuce. Ta tura mutum biyu waɗanda ba su suka yi aikin ba su je su dubo halin da kowanne yake ciki a yau, su tambayi aƙalla mutum biyar daga masu amfana. Ma'aji ya zo da littafinsa da takardar banki a gwada su a ga ko sun yi daidai. Abin da aka tarar a karanta shi yadda yake, kada a ƙara kada a rage, kuma kada a mai da zaman wurin cin mutuncin wani. Inda aka ga ɓaraka a sa sunan wanda zai gyara da ranar da zai kawo bayani.

Muna roƙon Allah ya sa mu cikin masu tsare amana, ya nuna mana kurakuranmu tun muna da ikon gyarawa, ya karɓi ɗan abin da muka yi, ya yafe mana inda muka gaza. Allah ya yi daɗin tsira ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.